Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabar NAFDAC: A Faɗa Mana Abin Da Ke Cikin Kwalba

Zuwa ga Farfesa Mojisola Adeyeye,
Shugabar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC,
Abuja.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan wasiƙa za ta same ki lafiya, ke da ma'aikatan hukumarki. Allah ya taya ki riƙo.

Ni mai shagon kitso ce da gyaran jikin amare a Kano. Na ɗan taɓa karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje kafin sana'a ta ɗauke ni, shi ya sa 'yan'uwana suka ce ni zan riƙe alƙalami. Ina magana da bakin masu kitso, da masu lalle, da masu dilka da halawa, da 'yan matan da ke koyon aiki a hannunmu, da kuma matan da ke zama a kujerunmu su miƙa mana kansu da fatarsu bisa amana. Ba mu da ofis, ba mu da lauya. Abin da muke da shi shi ne hannayen da ke taɓa waɗannan kaya daga safe har dare.

A watan Fabrairun 2023 kin fito kin ayyana shafa man bilicin a matsayin matsalar lafiya da ke buƙatar ɗaukin gaggawa a faɗin ƙasa, har aka yi taron wayar da kai da 'yan jarida a nan Kano. Mun ji daɗi, domin mun daɗe muna ganin ɓarnar da idonmu. Sai dai tun daga lokacin, abin da ya iso kunnen mace a unguwa jumla ɗaya ce: ku daina shafe-shafe. An ɗora mata nauyin duka. Idan ta shiga kasuwar Sabon Gari ta tsaya gaban kanta mai ɗauke da mayuka iri ɗari, ba wanda ya taɓa faɗa mata wanne ne mai guba, wanne ne mai lafiya. Rubutun jikin kwalba da Turanci ne ko Faransanci, da ƙananan haruffan da ko mai gilashi sai ya ƙanƙance ido. Mai kanti kuwa amsarsa ɗaya ce kullum: "Hajiya, wannan orijina ne." Gargaɗin da bai zo da sunan kaya ba, tsoro kawai yake bari, ba ya kare kowa. Wannan shi ne ƙorafinmu, sauran duk rassansa ne.

Zan fara da gashi, domin shi ne aka yi wa shiru gaba ɗaya.

A watan Oktoban 2022, masu bincike a cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, suka fitar da sakamakon bibiyar mata 33,497 da suka yi na kusan shekara 11. A tsawon lokacin, 378 daga cikinsu sun kamu da sankarar mahaifa. A nan jikin mahaifar ake nufi, ba bakin mahaifa ba, wadda ƙwayar cutar HPV ke jawowa kuma aka fara yi wa 'yan mata rigakafinta a Najeriya a 2023. Lissafin masu binciken ya nuna cewa a cikin matan da ba sa amfani da man miƙar da gashi, kashi 1.64 cikin ɗari ne za su kamu da cutar kafin su kai shekara 70. A cikin masu sawa fiye da sau huɗu a shekara kuwa, adadin ya kai kashi 4.05. Ya ninka, har da ɗoriya. Kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na masu amfani da man a binciken baƙaƙen mata ne. Bayan shekara guda Jami'ar Boston, wadda ta daɗe tana bibiyar lafiyar baƙaƙen mata zalla, ta duba kusan mata 45,000, ta ga cewa waɗanda suka daina al'ada kuma suka daɗe suna sa rilaksa, wato man miƙar da gashi, haɗarin sankarar mahaifa ya ƙaru musu da fiye da rabi. Kafin wannan, a 2019, wani binciken na NIH ya danganta rinin gashi mai dawwama da sankarar mama, kuma alaƙar ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba a wajen baƙaƙen mata fiye da farare.

Su kansu masu binciken sun faɗi iyakar aikinsu: alaƙa suka gani, ba su ce ga sinadari kaza ya haddasa ciwon wance ba, kuma ba su rubuta sunan kamfanin da kowace mace take saya ba. Sankarar mahaifa ma ba cuta ce mai yawa ba. Mun yarda da wannan. Amma ranki ya daɗe, "fiye da sau huɗu a shekara" a wajenmu ba wani abu ba ne. Ƙaramar Sallah, babbar Sallah, bikin ƙanwa, sunan ɗan yaya, an riga an cika huɗu tun shekara ba ta yi nisa ba. Mai kula da kanta kuma duk wata biyu take dawowa da zarar sabon gashi ya tsiro. A Ghana, wani bincike kan sankarar mama da aka yi a Accra da Kumasi, aka wallafa a 2018, ya tarar fiye da mata tara cikin goma da aka tambaya sun taɓa sa rilaksa. Ba na jin birnin Kano ko Kaduna sun yi nisa da haka.

Ga yadda abin yake ana gobe Sallah. Uwa ta kawo 'yarta mai shekara bakwai ko takwas, gashinta mai cika ne mai tauri, ta ce a sa mata mai don kitso ya kwanta. Ni ba na sa wa yara, to sai ta wuce shagon gaba, ko ta sayi kwali mai hoton yarinya tana murmushi ta sa mata a tsakar gida. Ana shafawa, bayan 'yan mintoci yarinya ta fara mutsu-mutsu: "Umma, zafi." A ce mata, "Daure, bai ci ba tukuna." Sai ta fara hawaye sannan a kai ta bakin famfo. Bayan kwana biyu fatar kai ta yi ruwa, ta bushe, gashi ya manne da ɓawon ciwo, a shafa man shanu a ce zai warke. Yawancin rilaksa mai ƙarfi da sodar da ake haɗa sabulu ake yin sa, shi ya sa yake cin fata. Wannan ƙunar kuwa ita ce ƙofar da masana ke jin tsoro, domin fatar kai dama ta fi ta hannu saurin zuƙar abin da aka shafa mata, balle idan ta buɗe. Abin da ke shiga ta nan, masu bincike sun ambaci sinadarai irin su paraben da fitalet, masu kwaikwayon sinadaran jikin mace da ke tafiyar da al'ada da haihuwa. A 2018 wata cibiyar bincike a Amurka mai suna Silent Spring ta gwada kayan gashi 18 da ake tallata wa baƙaƙen mata, ta samu irin waɗannan sinadarai guda 45, kuma kashi 84 cikin ɗari na abin da ta gano ba a rubuta shi a jikin kwalba ba. Wannan a ƙasar da ake tsoron kotu ke nan. Can dubban mata sun kai kamfanoni ƙara, an tattara shari'o'in a wata kotun tarayya a birnin Chicago tun 2023. Mu a nan ko takardar gargaɗi ba a liƙa wa kwalin ba.

Akwai kuma mu masu aikin. Mai zuwa gyaran gashi sau huɗu take haɗuwa da mai a shekara, yarinyar da ke koyon aiki kuwa sau huɗu a wuni. Shagunanmu ƙanana ne, taga ɗaya, wani ma babu. Safar hannu sai wadda ta ga dama ta saya da kuɗinta. A manyan shaguna an shigo da wani gyaran da ake kira keratin, wanda ake shafawa a bi shi da ƙarfe mai zafi, tururinsa ya sa ido hawaye, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi. Da yawa daga irin wannan man suna fitar da fomalin, ruwan nan da ake adana gawa da shi, wanda hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Hukumar FDA ta Amurka ta sanar a 2023 cewa tana shirin haramta shi a kayan gashi, ta yi ta ɗaga ranar. Jihar Kalifoniya ba ta jira ba, dokarta ta hana fomalin da zaiba a kayan kwalliya tun farkon 2025. Ba dole sai Amurka ta gama jan ƙafa sannan Najeriya ta motsa ba.

Ko gashin doki bai tsira ba. A farkon 2025 ƙungiyar kare masu sayayya ta Consumer Reports ta gwada iri 10 na gashin roba da ake ƙari da shi a kitso, ta samu sinadarai masu alaƙa da sankara a dukkansu, da dalma a guda 9. Mu ne muke tsoma jelar kitson a tafasasshen ruwa, mu ne muke ƙona bakinsa da wuta, hayaƙin a fuskarmu yake tashi. Mai kitson kuma ta kwana da shi ta tashi da shi wata guda ko fiye.

Sai batun bilicin, wanda kika riga kika san shi fiye da ni, don haka ba zan maimaita abin da kika faɗa ba. Inda nake so ki duba shi ne masu haɗi. Dokar hukumarki ta 2019 ta hana zaiba da sitiroyid a man shafawa, ta kuma ƙayyade haidurokwinon, sinadarin da ke sa fata haske, kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Doka ce mai kyau a takarda, amma kamfani mai adireshi kawai take iya kamawa. Mai haɗi ba shi da adireshi. Yana zaune a lungun kasuwa da roba babba a gabansa, ya zuba farin mai, ya matse tub biyar ko shida na clobetasol, maganin sitiroyid da likitan fata ke bayarwa na 'yan kwanaki kaɗan, ya tsiyaya wani ruwa daga kwalba marar suna, ya ƙara wani gari da cokalin shayi, ya juya da muciya. Ba ma'auni, ba safar hannu. Ya tambayi mai saye, "Na sati ɗaya kike so ko na sati biyu?" Gwargwadon gaggawarta, gwargwadon yawan tub. A ɗura a roba, a liƙa takarda mai hoton kurkum da karas, a rubuta oganik. Wasu ma ba sa zuwa kasuwa, daga ɗakinsu suke haɗawa su tallata a TikTok da Instagram, ɗan sahu ya kai har gida, motar haya ta kai Maraɗi da Damagaram.

Sakamakon a kan tabarmar gyaran jiki muke ganinsa, lokacin da amarya ta tuɓe za a yi mata dilka. Fata ta yi siriri har jijiyoyi kore suna nunawa. Nankarwa mai faɗin yatsa a cinya da damtse ga yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba. Kumatu sun ƙone sun yi baƙi-baƙi mai shuɗi, irin tabon haidurokwinon da ba ya fita. Makero da kyasbi sun ƙi jin magani. Irin wannan fatar ko halawa ba ma yarda mu ɗora mata, don tana iya tahowa da ita. Wata mai zuwa wajena ta haihu ta hanyar tiyata, ɗinkin ya ƙi kamawa, ya buɗe, ta yi ta jinya ga jariri a hannu. Likita ya tambaye ta man da take shafawa, da ta nuna masa ya ce ba sai an je nesa ba. Ita kuwa har ga Allah ta ɗauka man karas take shafawa.

Game da ciwon daji, gara a faɗi gaskiya yadda take. Baƙin da ke fatarmu shi ne garkuwarta daga zafin rana, kuma ranar Arewa ba wasa ba ce. Likitocin fata a Dakar sun ba da rahoton matan da suka kamu da sankarar fata bayan sun shafe shekaru suna bilicin. A ɗaya ɓangaren, binciken nan na Ghana bai ga alaƙa tsakanin man bilicin da sankarar mama ba. Babbar ɓarnar da aka tabbatar tana wajen ƙoda da jijiyoyi da ɗan tayi saboda zaiba, sai hawan jini da ciwon suga saboda sitiroyid. Na kawo wannan ne domin a WhatsApp kullum sai an turo saƙon murya cewa abu kaza yana sa kansa, yau janbaki, gobe turare, jibi man kitso. Mata sun ji har sun gaji, sun daina bambance gargaɗin gaske da na ƙarya. Hukumarki ce kaɗai ke da ɗakin gwaji da ikon da za ta raba gardama, kuma ita ce ta fi kowa shiru a harshen da muke ji.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yara. A 2025 BBC ta kawo rahoto daga nan Kano kan iyaye mata da ke shafa wa 'ya'yansu man bilicin. Mu bai ba mu mamaki ba. Ana zuwa a tambaye mu "man yara mai sa haske", wani lokaci jaririn ko arba'in bai yi ba. Kafin a zagi uwar, a tuna garin da take zaune: garin da ake yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata, inda dangin miji ke leƙa fuskar jariri su ce "ai baƙin gidansu ya ɗebo", inda ake jera man bilicin a akwatin lefe da hannun 'yan'uwan ango. Gyaran wannan ba aikin NAFDAC ba ne, namu ne da malamanmu da mazanmu. Amma tallan kayan shafa sai da izinin hukumarki ake yin sa a doka, kuma muna ganin masu dubban mabiya suna tallata haɗin da ba shi da rajista da rana tsaka, da lambar waya a ƙasa.

Akwai wasu ƙananan kaya da ba a kawo su a lissafi, don an saba da su tun kaka da kakanni. Kwalli na farko. Kwallin dutse na gargajiya yawancinsa dalma ce. A 2012 hukumar CDC ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, aka bi sawu har zuwa kwallin da ake sa masa, da aka gwada shi aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, har yau muna rambaɗa wa jarirai kwalli ranar suna don ido ya yi kyau. Na biyu dayis, wato baƙin lalle. Lallen gaske ja yake yi, kuma ba ya cutarwa ga yawancin mutane. Abin da ke sa zane ya yi baƙi wuluk cikin rabin awa rinin gashi ne mai sinadarin PPD, wanda ba a yi shi don a ɗora a fata ba. Duk mai lalle ta taɓa ganin amaryar da hannunta ya kumbura ya yi ƙuraje daidai bisa zanen fulawar. Na uku hoda. A watan Yulin 2024 IARC ta sa garin talak, wanda ake yin farar hoda da shi, a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo sankara, musamman ta ƙwan mace. Kamfanin Johnson & Johnson ya daina sayar da hodar jarirai mai talak a duniya baki ɗaya a 2023. A kasuwanninmu hodar talak iri-iri tana nan jibge, ana barbaɗa wa jarirai a matsematsi, manya ma suna sawa a wurin da bai kamata ba saboda zafi.

Da mace za ta iya dogara da lambar NAFDAC, da an rage rabin matsalar. Amma lambar yanzu kowa yana iya bugawa. Ga magani kun fito da tsarin kankare kati a tura lamba ta waya a ji ko na gaske ne, tun 2010. Ga man da mace za ta shafa daga fuska har ƙafa kullum na shekara ashirin, babu irin wannan.

Sannan ba mu da alƙalumanmu. Kashi 77 cikin ɗari da ake ta ambata cewa matan Najeriya na bilicin, asalinsa wani bincike ne da aka yi a kan 'yan kasuwa a Legas aka wallafa a 2002. Duk abin da na lissafa a sama kan gashi, in ban da na Ghana, a kan matan Amurka aka yi shi, masu sayen kayan da aƙalla an san kamfaninsu. Alhali ƙiyasin 2022 ya nuna ana samun sababbin masu ciwon daji kimanin 127,000 a shekara a Najeriya, fiye da 32,000 daga ciki sankarar mama ce, ita ce kan gaba. Mace a Amurka idan ta kamu, akwai inshora da na'ura kusa da ita. Tamu sai ta fara da mai magani ya ce daji ne ba ya son allura, ta sayar da ɗan kunne da gado, sannan a tura ta Zariya ko Sakkwato ko Abuja neman a gasa mata ciwon da na'ura, ta tarar da layi. Mun yi wa abokan sana'a irin wannan karo-karo, mun kuma yi zaman makokinsu. Ba mu ce rilaksa ce ta kashe su ba. Muna cewa ƙasar da maganin cutar ya fi ƙarfin talakanta, ba ta da hujjar yin sakaci da abin da ake zargi yana kawo ta.

Mata suna tambayarmu, to me za mu shafa? Muna ce musu man kaɗanya, man kwakwa, man alayyadi, sabulun salo, jan lalle, karkashi da ganyen magarya don wanke kai, kitson gashin mutum na kansa ba tare da mai ba. Wadda ba za ta iya barin rilaksa ba, ta rage yawan sawa, kada ta sa a kan da ke da ciwo ko bayan ta yi susa, kada ta jira sai ya yi zafi, mai ciki da yarinya kuma su haƙura. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwarar kaɗanya, har gwamnati ta dakatar da fitar da ɗanyarta waje a watan Agustan 2025 don a riƙa sarrafa ta a gida. To amma ko man kaɗanyar, mun sha samun wanda aka cakuɗa da tub aka sayar a matsayin na gargajiya. Kuma kwalli ma ai daga ƙasa aka haƙo shi. Kalmar "na gargajiya" ba shaida ba ce, gwaji ne shaida. Matar da ke yin man kaɗanya mai tsabta a ƙauyen Neja ko Kebbi kuwa, kuɗin rajista da zirga-zirgar ofis sun fi ƙarfin jarinta, sai ta zauna ba lamba, a jera ta layi ɗaya da mai haɗin guba.

Saboda haka, ranki ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A shiga kasuwannin Kano da Kaduna da Maiduguri da Sakkwato da Jos a sayi mayukan shafawa, da rilaksa, da rini, da gashin doki, da kwalli, da hoda, yadda mace ke saye, a kai ɗakin gwajinku na Kaduna. Abin da aka samu a fito da shi da sunan kaya da hoton kwalba, a karanta a gidajen rediyo da Hausa, a liƙa a ƙofar kasuwa, a turo mana mu liƙa a shagunanmu, kuma a riƙa sabuntawa. Wannan ita ce buƙatarmu ta farko, ko ita kaɗai aka yi mun gode. Waɗanda suka tsallake gwaji ma a faɗe su, don mace ta san inda za ta koma, ɗan kasuwa mai gaskiya kuma ya ci ribar gaskiyarsa.

A haramta fomalin a kayan gashi, a hana sayar da rilaksa da aka yi wa kwalin yara, a tilasta rubuta gargaɗi a jikin sauran da manyan haruffa, da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa, da zane don wadda ba ta karatu. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba a 2018, kuma ƙasashen da ke cikinta sun tsayar da 2025 a matsayin ƙarshen duk wani kayan kwalliya mai zaiba. Muna so mu ga an cika wannan a kantunan kasuwa, ba a taron Abuja kaɗai ba.

A bi tub daga tushe. Clobetasol da 'yan'uwansa magani ne, wurinsu kantin magani da takardar likita, ba katan-katan a layin 'yan kayan shafa ba. A farkon 2024 hukumarki da ta masu harhaɗa magunguna kun rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Gari, aka mayar da 'yan kasuwar Dangwauro. Wanda ya iya wannan, layin masu haɗi ba zai gagare shi ba. A haɗa da masu talla a intanet, a fara da manyansu.

A faɗaɗa tsarin kankare lamba ya shafi kayan shafa. A sauƙaƙa rajista ga mata masu ƙananan sana'ar man kaɗanya da sabulu, a bar su su yi ta a ƙungiyance, a kuma yi musu gwaji a farashin da za su iya.

A haɗa kai da cibiyar binciken sankara ta ƙasa, NICRAT, da asibitocin koyarwa masu rajistar masu ciwon daji, a riƙa tambayar mace irin man da take shafawa da wanda take sa wa gashi, da tsawon shekarun da ta yi tana yi. Tambaya ce ta minti biyu, bayan 'yan shekaru za ta ba mu amsar da yanzu muke arowa daga Boston.

Na ƙarshe, a kira mu. Mace tana faɗa wa mai kitsonta abin da ba ta faɗa wa likita, kuma tana zama a gabanmu awa uku ba ta da wurin zuwa. A koya mana gane kaya, da alamun da ya kamata mu ce wa mace ta tafi asibiti: ƙullutu a mama, jini bayan ɗaukewar al'ada, gyambon da ya ƙi warkewa. A ba mu lambar da za mu kira idan mun ga mugun kaya, wadda za a ɗauka, kuma a amsa da Hausa. Idan ofishinku na Kano ya sa rana, za mu rufe shaguna mu zo da kwalaben da muke zargi a cikin jaka.

Ki huta lafiya.

Taki,
Mai shagon kitso da gyaran jiki, a madadin abokan sana'arta,
Kano.